Ƙaiƙayin Kare, Asalinsa da Maganinsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako, domin in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani abu da waɗansu za su ce bai isa a ɓata masa tawada ba, watau ƙaiƙayin jikin kare. Wanda ya ce haka ya yi haƙuri ya karanta tukuna. Mafarauci ba ya shiga daji sai da karensa, makiyayi a ruga yana barci ne bisa amanar karensa, a birni kuma ga masu gidaje da 'yan kasuwa da su ke ajiye shi domin gadi. Karen da ya kwana yana susa ba ya tsaron kowa, ba ya kuma iya korar zomo. Har wa yau, waɗansu abubuwan da ke sa shi susar ba su tsayawa a jikinsa, su kan haura zuwa jikin yaran gida.

Ƙaiƙayi alama ce, kamar yadda zazzaɓi ya ke ga mutum. Abubuwa dabam dabam ke kawo shi, maganin wannan kuwa ba ya yi wa wancan. Amma al'adarmu, da an ga kare yana susa gashinsa yana zuba, sai a ce ƙazuwa ce, a ɗauko baƙin mai a shafe shi, shi ke nan. Ni shawarata ita ce, kafin a nemi magani a zauna a dubi inda ya ke susa, domin wurin susar ya kan faɗi sunan mai laifin.

Mu fara da ƙuma, wadda waɗansu ke kira tunkuyau, domin ita ta fi yawa, ita kuma aka fi rainawa. Karen da ƙuma ta dama ya kan juya yana cizon bayansa daga ƙugu zuwa gindin wutsiya, har wurin ya yi sanƙo. Ba lalle ne ka gan ta da idonka ba, tana da sauri, shi kuma yana haɗiye da yawa wajen cizo. Ga yadda a ke ganewa. Tsayar da shi a kan farin ƙyalle mai danshi, ka taje bayansa da matsefi. In baƙin gari ya zubo kamar dakakken masoro, ya kuma narke ya yi ja a kan ƙyallen, to, kashin ƙuma ke nan, watau jinin karenka da ta sha. Akwai karnukan da jikinsu ba ya shiri da miyan ƙuma ko kaɗan, cizo ɗaya ko biyu ya isa ya sa su susa kwana da kwanaki.

Macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana ɗaya. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa ya ke yi inda karen ke kwana, ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi saƙa ta rufe kanta, cikin mako 2 ko 3 ta fito ƙuma in akwai zafi da laima, kamar lokacin damina. In ba ta ji motsin dabba kusa ba, tana iya zama cikin saƙarta watanni tana jira. Masana sun ƙiyasta cewa waɗanda ke jikin dabba kashi 5 ne kurum cikin 100, sauran duk suna ƙasa, ƙwai da tsutsa. Mu akawuna mun san ma'anar wannan lissafi. Wanda ya wanke karensa ya mayar da shi kan tsohon buhun da ya ke kwana, a lissafin kuɗin kakanninmu ya biya sule ɗaya ne daga bashin fam guda. Sai a ƙone buhun, ko a wanke shimfiɗar da ruwan zafi a shanya a rana, a share wurin kwanan kullum a zubar da sharar nesa.

Wani abin kuma, ƙuma tana ɗauke da wata tsutsar ciki mai faɗi. Karen da ya haɗiye ƙuma ya kan kamu da ita, sai ka ga gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarsa, yana jan gindi a ƙasa. Yaro mai rarrafe da ya haɗiyi ƙuma shi ma ya kan kamu. Kada kuma a manta da ƙumar kaji, wadda ke kafewa a fuskar kaza. Tana kama gefen kunnen kare da tsakanin yatsunsa in yana kwana kusa da akurki.

To, sai ƙazuwa ta ainihi, wadda ƙaiƙayinta ya fi na kome tsanani. Wani ƙwaro ne ke kawo ta, ƙanƙane ƙwarai, bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Macen ta kan haƙa rami cikin fatar sama tana tafe tana zuba ƙwai, cikin mako 2 zuwa 3 'ya'yan sun girma su ma suna haƙa nasu. Wuraren da ya fi so su ne gefen kunnuwa, da gwiwar ƙafafun gaba, da idon sawun ƙafafun baya, da ciki, watau inda gashi bai yi kauri ba. Fata ta yi ɓawo, ta yi kauri, ta yi baƙi, karen ya rame domin ba ya barci, ba ya kuma cin abinci sosai. Akwai wata gwaji mai sauƙi: murza gefen kunnensa tsakanin yatsunka, in ƙafarsa ta baya ta fara harbin iska kamar yana susa, to, akwai ƙarfin zato ita ce. Likitan dabbobi ya kan kankare fatar ya duba a madubi, amma sau da yawa ba a samun ƙwaron ko da yana nan, sabo da haka likitoci su kan ba da magani bisa alamun da suka gani.

Har yanzu na kan ji mutane suna cewa ƙazuwa ɓacin jini ce. Likitocin Turai ma haka suka ɗauka ƙarni da ƙarni, sai a shekarar 1687 wani likita mai suna Bonomo da wani mai haɗa magunguna mai suna Cestoni, a birnin Liborno na ƙasar Italiya, suka ciro ƙwaron daga fatar masu ciwon, suka duba shi a madubi, suka zana surarsa. Tun da ƙwaro ne, yana tafiya daga wannan jiki zuwa wancan. Nan ne mafarauta ya kamata su kasa kunne, su da ke tara karnuka goma ko ashirin wuri ɗaya, a mota ɗaya, kuma karnukan suna cuɗanya da dila a daji, wanda shi ma ya kan ɗauki wannan ciwo. In ɗaya ya kamu, duka a ke yi wa magani rana ɗaya, har da waɗanda ba su fara susa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tana kuwa haurawa zuwa mutum. Wanda ke ɗaukar karen ko wasa da shi ya kan ga jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannuwa da ƙirji da ciki. Sauƙin abin shi ne ƙwaron kare ba ya jin daɗin fatar ɗan Adam, ba ya yaɗuwa a cikinta, da an warkar da karen ƙurajen su kan baje cikin 'yan makonni. Ƙazuwar mutane da ke bin 'yan gida ɗaya ko 'yan makaranta ɗaya daga wannan zuwa wancan, ita dabam ce, maganinta yana asibiti, kada a ɗora wa kare alhakinta.

Akwai ƙazuwa ta biyu da a ke rikita ta da ta farko. Ita ƙwaronta dogo ne siriri, yana zaune cikin ramin gashi, kusan kowane kare yana da shi kaɗan, daga uwarsa ya ke samu kwanakin farko wajen shan nono. Ba ya ɓarna sai jiki ya yi rauni. An fi ganinta ga kwikwiyo da karen da bai cika shekara ɗaya da rabi ba: gashi ya zube kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, amma ba ya susa sosai. Ba ta kama mutum. In 'yan wurare kaɗan ne ta kan warke da kanta in an kyautata abinci an ba da maganin tsutsar ciki. In ta game jiki ta fara ruwa da wari, ko ta fito wa tsohon kare, sai likita, domin wani ciwon ne a ciki ya buɗe mata ƙofa.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Kaska kowa ya san ta, tana maƙalewa cikin kunne da tsakanin yatsu. Ƙaiƙayinta bai kai haɗarinta ba, domin tana sa wa kare ciwon da ke cinye jini, dasashinsa ya yi fari, wani lokaci ya yi haɓo. Macen ta kan sauka ta zuba dubban ƙwai cikin tsagar bango, sabo da haka yaɓe ɗakin kare yana cikin magani. Makero ya kan yi sanƙo kewayayye mai ɓawo, ba ya ƙaiƙayi ƙwarai, amma yana kama yara da sauri. Da damina kuma akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a yashi mai fitsari a inuwa, tsutsar ta huda fatar kare, musamman kwikwiyo, ta yi maruru mai ƙaramin rami a tsakiya. A toshe ramin da man basilin, in ta leƙo neman iska a matse ta fito gaba ɗaya, a wanke wurin.

Yanzu in zo kan abin da ya fi damuna, watau magungunan da mu ke yi da kanmu. Baƙin man da aka juye daga injin mota cike ya ke da dattin ƙarfe da guba. Yana ƙona fatar da dā ma ta yi rauni, kare kuma ba ya barin abin da aka shafa masa, lashewa ya ke yi, ya tafi ciki ya taɓa hanta da ƙoda. Kananzir haka. Mafi muni su ne fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona. Suna ratsa fata su shiga jini, sai ka ga kare yana dalala, jiki yana rawa, yana amai da zawo, kafin yamma ya mutu, mai shi kuma ya ce maƙwabci ne ya sa masa guba. Wanda ya yi wankan da hannunsa tsirara shi ma bai tsira ba. Gamalin da a kan ji tsofaffi suna yabo, tun shekarar 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin gubar da aka amince a daina amfani da ita a gona, ƙarƙashin yarjejeniyar Sitokholm. Abin da aka hana zuba wa gona, yaya za a zuba wa mai rai? Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma wata yaudara daga kantin magani, ita ce ƙwayar da a ke kira deksa da 'yan'uwanta. Lalle tana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya, mai kare ya yi murna. Amma ba ta kashe ƙwaro ko ɗaya, ƙarfin jiki ta ke ragewa, sai makero da ƙazuwar ramin gashi su samu sarari su bazu. Tana da amfaninta, amma a hannun likita, bayan ya san abin da ya ke yaƙi da shi.

Maganin gaskiya yana nan, ba shi da wuyar samu. Farar wuta tsohon magani ne mai aiki. Wankan da likitoci ke haɗawa da ita yana kashe ƙwaron ƙazuwa, har kwikwiyo a na yi wa, sai dai wari da jinkiri, mako mako har sau 4 zuwa 6. Wanda ya fi shahara a wurinmu shi ne ibamektin, mutanen karkara sun san shi da sunan Mectizan, ƙwayar da a ke rabawa domin makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Asalinsa daga ƙasa ne. Wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya samu ƙwayar halittar da ke yinsa cikin ƙasar da aka ɗebo a Japan, William Campbell na kamfanin Merck a Amurka da abokan aikinsa suka fitar da maganin, aka fara sayar da shi domin dabbobi a 1981, a 1987 kamfanin ya fara ba da shi kyauta domin mutane, a 2015 kuma su biyun suka samu lambar Nobel.

Amma a yi hattara da awo. Allurar da a ke sayarwa domin shanu, mililita 1 na dabba mai kilo 50 ne. Karen gida mai kilo 15 abin da ya ke bukata bai kai sulusin mililita ba. Wanda ya zuƙi mililita guda ya ce ai kaɗan ne, ya ba da ninki uku da ɗoriya. Kuma allura ɗaya ba ta gamawa, domin ba ta kashe ƙwai. A kan maimaita bayan mako 2, sau biyu ko uku. Ba a yi wa ƙaramin kwikwiyo. Waɗansu karnukan Turawa kuma, irin Koli na kiwon tumaki da danginsa, suna da wani naƙasu na gado da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. A 2001 wata likitar dabbobi, Katrina Mealey, ta Jami'ar Jihar Washintan, ta gano asalinsa. Alamun ya yi yawa su ne tangaɗi, da dalala, da makanta, da dogon suma. Masu sayen karen Turawa da barbarar yanyawa domin gadi su lura da wannan. Allurar aikin likitan dabbobi ce, kuma kada wani ya ba kare ƙwayar da aka raba wa iyalinsa.

Akwai amitiraz, ruwan wankan kaskar shanu, wanda a ke tsarma shi a yi wa kare wanka. Yana aiki, amma guba ne ga doki da kyanwa, ba a yi wa kwikwiyon da bai kai wata 4 ba, kuma da safar hannu a ke yi, a fili. Sa'an nan ga sababbin ƙwayoyi da kare ke taunawa, NexGard da ya fito a 2013 da Bravecto a 2014. Na farko wata ɗaya ya ke tsarewa, na biyu mako 12, suna kashe ƙuma da kaska da ƙazuwar iri biyu. A ganina su ne mafi sauƙi ga wanda ba ya son yawan taɓa kare, kuma na san irinsu suna da yawa cikinmu. Aibinsu tsada, kuma karen da ya taɓa yin farfaɗiya sai an gaya wa likita tukuna. Abu ɗaya kuma, maganin ƙuma na kare kada a ɗiga wa kyanwa, waɗansunsu suna kashe ta.

Kafin magani ya kama, a na iya sauƙaƙa masa. A yi masa wanka da ruwa mai sanyi da sabulu mai laushi, ban da garin sabulun wanki, wanda ke kwashe man fata ya bar ta tana tsagewa, balle da hunturu. Wanka kullum ma ɓarna ne. Inda ya ciza har ya yi ɗanyen gyambo, a aske gashin kewaye, a wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya cikin rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, a bar iska ta sha wurin. Man kaɗanya kaɗan a busasshen wuri ba ya cutarwa. Abinci kuma yana da hannu a ciki: karen da ba ya samun kome sai ƙanzo da ragowar tuwo, gashinsa ba ya ƙyalli, fatarsa ba ta jure ciwo. Dafaffen ƙwai, ko kifi, ko ɗan nama daga mahauta 'yan lokuta a mako, da maganin tsutsar ciki kowane wata 3, suna canja kamanninsa.

In an kawar da ƙuma da ƙazuwa duka amma yana nan yana lasar tafin ƙafa, yana goga fuska, kunne yana ja yana wari, sa'an nan ne a ke zaton jikinsa ne ba ya shiri da wani abu, ƙura ko garin furen ciyawa ko wani abinci. Ya kan fara tsakanin wata 6 da shekara 3. Wannan ba a warkar da shi, lallaɓa shi a ke yi. In abinci a ke zargi, sai a tsare shi kan abinci ɗaya da bai saba ci ba har mako 8 ba tare da an jefa masa kome ba, wanda a gidan yara da yawa ba ƙaramin aiki ba ne.

Masu ilmin nan ba su yi mana nisa ba. Tun 1924 a ke binciken cututtukan dabbobi a Vom, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, jihohi kuma suna da asibitocin dabbobi a manyan garuruwa. Mai zuwa ya tafi da amsar tambayoyin nan: yaushe susar ta fara, daga wane wuri a jiki, akwai wani kare ko mutum a gidan da ke susa, me aka riga aka shafa ko aka ba shi. Ya faɗi gaskiya ko da baƙin mai ne. In da hali ya san nauyin karen: ya hau sikeli ɗauke da shi, ya hau shi kaɗai, ya ɗebe. Tun da an je, a yi masa allurar rigakafin hauka, wadda a ke sabuntawa shekara shekara. Karen da wani kare ya ciza kwanakin baya, yanzu yana gatsar wurin tabon, halinsa kuma ya sauya, wannan kada kowa ya kama shi da niyyar wanka. A rufe shi inda yara ba su kai, a kira likita ya zo.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu.